Fom Ya Ce Kana da Ciwon Damuwa: Yadda Za Ka Bi da Makin Mataki-Mataki

Dare ya raba, barci ya ƙi zuwa, waya tana hannunka. Ka ci karo da wasu tambayoyi tara a intanet, ka amsa su cikin minti biyu, sakamako ya fito: maki 12, "matsakaicin ciwon damuwa". Ko kuma a asibiti aka miƙo maka takardar kana zaune kana jiran a kira ka, ka cike, ma'aikaciyar jinya ta haɗa lissafi, ta ɗago kai ta dube ka. Daga nan mutane sukan kasu biyu. Wani ya karɓi makin tamkar hukuncin alƙali, ya kwana da shi ya tashi da shi, har ya fara neman sunan magani. Wani ya taɓe baki ya ce yaushe takarda ta san abin da ke cikin zuciyar mutum, ya jefar da ita ya ci gaba da fama shi kaɗai.

Ni dai a ganina takardar nan rariya ce. Rariya takan tare abin da bai wuce ba, amma ba ta faɗa maka ko tsaki ne ko tsakuwa, sai ka sa ido ka sa hannu. Idan ta ce da wuya kana da ciwon, yawanci ta yi gaskiya. Idan ta ce kana da shi, to yanzu magana ta fara. Ga yadda za ka bi da ita tun daga cikewa har zuwa gaban likita, ko kai ne mai cikewa ko kai ne ma'aikacin lafiyar da ke miƙa ta.

Mataki na 1: Gane wace takarda ce a hannunka

Suna da yawa, kuma makin wannan ba ya zama makin waccan. Wadda ta fi yawo a duniya ita ce PHQ-9, aikin Robert Spitzer da Janet Williams da Kurt Kroenke a Amurka, wadda aka wallafa babban gwajin ingancinta a 2001. Tambayoyi tara ne, maki daga 0 zuwa 27, kuma kyauta ce, shi ya sa ta cika ko'ina. Tana da ƙanwa, PHQ-2, wato tambayoyi biyun farko kaɗai, inda maki 3 cikin 6 ke nufin a ci gaba da bincike.

Dattijuwar cikinsu ita ce BDI ta Aaron Beck, tun 1961, mai tambayoyi 21, wadda aka sabunta a 1996, makinta yana kaiwa 63. CES-D kuwa Lenore Radloff ce ta fitar da ita a 1977 don binciken jama'a a gari, ba don ɗakin likita ba, tambayoyi 20, kuma layinta, wato makin da daga shi ake cewa a bincika mutum, yana kan maki 16. HADS ta zo a 1983 daga Zigmond da Snaith domin masu jinya a asibiti, suka cire tambayar barci da ta cin abinci da gangan saboda majinyata da yawa suna fama da su. EPDS, wadda John Cox da abokan aikinsa suka tsara a 1987, ta masu jego ce, yanzu har masu ciki ana ba su. Tsofaffi ma suna da tasu, GDS, wadda amsarta i ko a'a ce kawai.

Dubi abin da maki 16 ke nufi. A CES-D mutum ya taka layi ke nan. A sabuwar BDI ƙaramin ciwo ne. A PHQ-9 kuwa ya haura matsakaici yana dosar tsanani. Lamba ɗaya, ma'ana uku. Wani mai bincike, Eiko Fried, ya jera bakwai daga cikin sanannun ma'aunan nan a 2017, ya ƙirga alamomi daban-daban har 52 a cikinsu, da yawansu a takarda ɗaya tak suka bayyana. Don haka duk shafin da ya ba ka maki bai faɗi sunan ma'aunin da ya yi amfani da shi ba, rufe shi. Balle wanda zai ce sai ka ba da lambar waya ko ta katin banki kafin ya nuna maka sakamako.

Daga nan zan riƙa misali da PHQ-9, domin ita aka fi yi wa bincike.

Mataki na 2: Cike ta yadda aka tsara ta

Tambayar ba ta ce yaya kake ji yau ba, ba ta kuma ce yaya rayuwarka take ba. Cewa ta yi cikin makonni biyun da suka wuce, sau nawa abu kaza ya dame ka. Amsoshin huɗu ne: ko kaɗan, maki 0, 'yan kwanaki, maki 1, fiye da rabin kwanakin, maki 2, kusan kullum, maki 3. Ka lura yawan kwanaki ake tambaya, ba zafin abin ba. Fiye da rabi na nufin kwana takwas ko sama cikin sha huɗu. Ɗauko kalanda ka koma baya rana-rana: ranar Talatar can na fita? Na yi barci? Dalili shi ne halin da mutum yake ciki yakan rina abin da yake tunawa. Wanda ransa ke ɓace yau zai rantse mako biyun duka haka suka kasance, wanda kuma ya tashi da ɗan sauƙi zai mance daren da ya yi yana juyi.

Kada ka cike ta ranar da kuka yi faɗa da wani, ko washegarin daren da ba ka runtsa ba. Idan ba makawa, to sake cikewa bayan 'yan kwanaki ka kwatanta.

Ka cike ta kai kaɗai. Wannan ya fi shafar ma'aikatan lafiya: idan mutum bai iya karatu ba, kai ka karanta masa a keɓe, kada ka bar miji ko uwa ko ɗa ya zama mai karantawa ko mai tafinta. Ba matar da za ta amsa cewa tana jin ta zame wa iyalinta kaya alhali mijin yana tsaye a kanta riƙe da biro. Haka batun harshe. Da Turanci aka rubuta yawancin takardun nan, kuma Turanci yakan siffanta ƙuncin rai da yin ƙasa, ko ma da shuɗin launi kamar yadda yake a wata tambaya ta CES-D. Fassarar tsaye a bakin gado ba ta ɗauko wannan ma'anar. A nemi fassarar da aka riga aka gwada ta a kan masu jin harshen.

Takarda kuma ba ta da hanyar gane ƙarya. Wani yakan rage saboda kunya ko tsoron rasa aiki. Wani yakan ƙara don ya gaji da zuwa asibiti ana ce masa ba komai, yana son a saurare shi sau ɗaya. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma makin da ya fito daga irin wannan cikewar ba ma'auni ba ne.

Mataki na 3: Kafin ka haɗa lissafi, dubi tambaya ta tara

Ita ce mai tambayar ko ka riƙa tunanin gara ka mutu, ko tunanin yi wa kanka lahani. Wannan tambayar ba ta jiran jimilla. Duk abin da aka zaɓa a nan in ba sifili ba ne, yana bukatar magana da mutum, ko da sauran takardar duk sifili ce. A EPDS tambaya ta goma ce ke wannan aikin.

Da yawa daga masu zaɓar maki 1 a nan ba shirin kashe kansu suke ba, gajiya ce da fatan a ce sun huta. Amma tambayar ta haɗa wannan fatan da ainihin niyya a layi ɗaya, kuma daga takarda ba a iya rarrabe su. Sai an tambaya baki da baki: ka yi tunanin yadda za ka yi? Ka tanadi wani abu? Ka taɓa gwadawa? Yin wannan tambayar ba ya cusa wa mutum tunanin. Idan kai ne kake cikin halin, kuma tunanin ya kai ga shiri ko kana jin ba za ka iya riƙe kanka ba, bar sauran matakan nan. Faɗa wa wanda ka amince da shi yau, ka ba shi ajiyar magunguna da duk abin da ka san zai iya zama makami, ku tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

Mataki na 4: Haɗa makin, sannan ka yi lissafin mutum dubu

Matakan PHQ-9 suna da sauƙin riƙewa. Daga 5 ƙarami ne, daga 10 matsakaici, daga 15 ya doshi tsanani, daga 20 mai tsanani. Layin da aka fi amfani da shi wajen cewa a bincika mutum shi ne 10.

To, yaya gaskiyar layin nan take? Abu biyu ake aunawa. Na farko ƙarfin kamawa: cikin mutum ɗari da ke da ciwon da gaske, nawa takardar ke kamawa. Na biyu ƙarfin sallama: cikin mutum ɗari da ba su da shi, nawa take sallama ta ce su tafi. A gwajin 2001, duka biyun sun tsaya a kashi 88 cikin 100. A 2019 Brooke Levis da Andrea Benedetti da Brett Thombs na Jami'ar McGill a Kanada suka tattaro bayanan mutum sama da 17,000 daga bincike 58 suka sake lissafi. A binciken da aka gwada takardar da hirar ƙwararre, layin 10 ya ba da kamawa 88 da sallama 85.

Jin 88 da 85 sai mutum ya ce ai shi ke nan, in na haura 10 to kusan tabbas ina da shi. A nan gizo ke saƙar. Lambobin nan ba su amsa tambayarka ba. Sun fara ne daga sanin wane ne mai ciwo, sannan suka duba abin da takarda ta ce. Kai kuwa daga takardar ka fara, kana son sanin ko kana da ciwon. Amsar wannan ta dogara da yawan masu ciwon a cikin taron da kake.

A ce mutum 1,000 ne suka cike, kuma ɗaya cikin goma ke da ciwon, wato mutum 100. Takardar za ta kama 88, mutum 12 su zille. Sauran 900 ba su da shi, za ta sallami kashi 85 nasu, wato 765, ta riƙe 135 bisa kuskure. Yanzu ƙirga waɗanda ke kan rariya: 88 da 135, mutum 223 ke nan. Masu ciwon na gaskiya a cikinsu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Cikin kowane mutum biyar da takardar ta nuna, uku ba su da shi.

Juya lissafin ka ga inda take da ƙarfi. Waɗanda ta sallama 777 ne, kuma 12 kaɗai aka yi kuskure a kansu, wato ta yi daidai fiye da sau 98 cikin 100.

Sauya taron, komai ya sauya. Idan mutum 50 ne kacal cikin dubun ke da ciwon, za ta kama 44 ta haɗa da lafiyayyu kusan 143, wato bai kai ɗaya cikin huɗu na waɗanda ta nuna ke da shi ba. Idan kuwa a wurin da masu ciwon suka yi yawa ne, a ce 300 cikin dubu, za ta kama 264 da lafiyayyu 105, gaskiyarta ta haura kashi 70. Takarda ɗaya, layi ɗaya. Shi ya sa maki 12 na wanda ya cike don nishaɗi a waya bai yi nauyin maki 12 na wanda ya yi wata biyu ba ya iya tashi zuwa aiki, ya kuma taɓa yin ciwon a baya ba. Tambayi kanka: me ya kai ni cike ta? Amsar tana cikin lissafin.

Wannan lissafin ne ma ya sa nake ɗaga gira duk lokacin da na ga kanun labari cewa kashi kaza na ɗalibai ko ma'aikata suna da ciwon damuwa. Yawanci fom aka raba aka ƙirga waɗanda suka haura layi. Tawagar Levis ta gwada wannan a 2020: a cikin mutanen da aka yi wa gwajin biyu, PHQ-9 ta nuna kashi 24.6, hirar ƙwararru ta tabbatar da kashi 12.1. Ninki biyu. Hukumomin lafiya ma ba su zama baki ɗaya ba. Kwamitin rigakafi na Amurka yana ba da shawarar a riƙa tantance manya, na Kanada a 2013 ya ce kada a mai da shi aikin yau da kullum ga kowa da kowa, kwamitin tantancewa na Birtaniya shi ma bai goyi bayan tantance jama'a baki ɗaya ba.

Abu ɗaya kuma: layin 10 mutane ne suka ja shi. Tsakanin mai 9 da mai 10 ba wani kogi.

Mataki na 5: Duba daga ina makin ya fito

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi jimillar amfani. Ɗauki mutum biyu.

Ta farko ta haihu wata biyu da suka wuce, ta zubar da jini sosai wajen haihuwa. Barci ta ba shi 3, don jariri ba ya barin ta. Gajiya 3. Cin abinci 2. Tattara hankali 2. Jimilla 10, ta taka layi. Amma tambaya ta ɗaya, rashin sha'awa ko jin daɗin abubuwa, ta sa sifili. Ta biyu, ƙuncin rai da yanke ƙauna, sifili. Tana dariya idan jaririn ya yi miƙa, tana ɗokin zuwan ƙawarta.

Na biyu magidanci ne da ke cin abincinsa yana barcinsa. Rashin jin daɗin komai 3. Ƙuncin rai 3. Ganin kansa a matsayin wanda ya gaza ya kunyata iyalinsa 2. Tunanin gara ya mutu 1. Jimilla 9. In kwamfuta ce ke yanke hukunci, ta ce masa ƙaramin ciwo ne, ya je ya huta.

Wane ne ya fi bukatar a zauna da shi yau? Takardar ta ɗauki kowane maki daidai da ɗan'uwansa, kamar rashin barci da son mutuwa nauyinsu ɗaya. Ƙa'idar da likitoci ke bi ba haka take ba. A littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, sai mutum yana da alamomi biyar cikin tara na tsawon aƙalla mako biyu, kuma dole ɗaya daga ciki ta zama ƙuncin rai ko rashin jin daɗin abubuwa. Matar can ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da ya kamace ta shi ne gwajin jini, da wanda zai karɓi jariri ta yi barci, sannan a ba ta EPDS wadda aka yi don irinta, a kuma sake duba ta nan gaba.

Saboda haka raba amsoshinka gida biyu. Na jiki: barci, gajiya, abinci, nauyin jiki ko rashin natsuwa, tattara hankali. Na zuciya: rashin jin daɗi, ƙunci, raina kai, tunanin mutuwa. Idan makin duk a ɓangaren jiki ya taru, ka yi zargin wani abu daban. Idan a ɓangaren zuciya ya taru, kada ƙanƙantar jimilla ta ruɗe ka.

A ƙasan takardar akwai wata tambaya da ba a ba ta maki, shi ya sa shafuka da yawa suke yar da ita: yaya matsalolin nan suka wahalar da kai wajen aiki, da kula da gida, da zama da mutane? Amsa ta. Likita ba ya kiran abu ciwo sai ya ga yana ƙuntata wa mutum sosai ko yana hana shi gudanar da rayuwarsa.

Mataki na 6: Tambayi abin da takardar ba ta tambaya ba

Ruwa ba ya tsami banza, amma takarda ba ta san abin da ya tsamar da shi ba. Ƙarancin jini yana kawo gajiya da rashin tattara hankali. Raguwar aikin tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, tana kawo kasala da nauyin jiki da ƙuncin rai, har sai ka rantse ciwon damuwa ne. Haka ƙarancin bitamin B12, da ɗaukewar numfashi cikin barci ga masu minshari mai ƙarfi, da giya da ƙwayoyi, da wasu magungunan asibiti irin su sitirod. Mai ciwon daji ko mai wankin ƙoda zai iya tara maki 10 daga jinyarsa kaɗai. Wanda aka yi wa rasuwa makon jiya zai cika takardar da 2 da 3, kuma jimami ne, ko da yake jimami ma yakan rikiɗe ya zama ciwo.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon baifola, mai juya mutum tsakanin ƙunci da zumuɗi. A lokacin ƙuncin, takardarsa ba ta da bambanci da ta mai ciwon damuwa zalla, domin mako biyu kaɗai take gani. Amma maganinsu ya sha bamban, kuma ba wa mai baifola maganin damuwa shi kaɗai na iya tunzura zumuɗin. Tuna baya: ka taɓa yin kwanaki kana barcin awa biyu ko uku ba ka jin gajiya, baki ba ya tsayawa, tunani na gudu, kana kashe kuɗi ko ɗaukar kasadar da ba halinka ba? In ka taɓa, faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka sayen magani a kan maki.

Mataki na 7: Kai takardar gaban ƙwararre

Idan ka kai 10 ko sama, ko tambaya ta tara ba sifili ba ce, ko makin ƙasa yake amma kai ka san ba daidai kake ba, je ka ga likita. Tafi da takardar kanta da amsoshinta ɗaya-ɗaya, ba jimilla kawai ba. Haɗa da sunayen magungunan da kake sha, da lokacin da abin ya fara, da ko wani a danginku ya taɓa irin wannan.

Abin da likita ke da shi wanda takarda ba ta da shi shi ne damar sake yin tambaya bayan ya ji amsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, takarda kuwa ba ta da ido. Ga yadda irin zaman yakan kasance da dattijon da ɗansa ya kawo, makinsa 4:

"Baba, takarda ta ce ba wata matsala. Amma ɗanka ya ce ka daina fita."

"Likita, ni lafiyata ƙalau. Jikin ne dai ya mutu, kai kuma yana min nauyi."

"To Baba, yaushe rabon da jikokinka su shigo ka ji daɗin hayaniyarsu?"

Ya yi shiru yana kallon hannunsa. "An kwana biyu. Yanzu in na ji muryarsu sai in juya bango."

Yana cikin mutum 12 ɗin nan da suka zille ta ramin rariya. Mutane da yawa, musamman tsofaffi da maza, da jiki suke faɗin ciwon: ciwon kai, nauyin ƙirji, mutuwar jiki, saurin fushi. In ka tambaye su ko suna baƙin ciki sai su ce a'a, kuma ba ƙarya suke ba, ba da wannan sunan suka san abin ba.

Kada kuma a ɗauka likita ma'asumi ne. Wani nazari da Alex Mitchell da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna likitocin gama-gari, in ba su da wani ma'auni a hannu, kusan rabin masu ciwon kaɗai suke ganewa. A gwajin da aka yi wa ƙa'idojin DSM-5 kafin fitowarsa, daidaiton likitoci biyu da suka duba mutum ɗaya a kan wannan ciwon ya tsaya a 0.28, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken daidaito. Ke nan sandar da ake auna takardar da ita ma tana da ɗan lanƙwasa. Shi ya sa masu bincike ke amfani da tsararriyar hira irin SCID, mai bin alamomin ɗaya bayan ɗaya. Kai a naka ɓangaren, in likita ya dubi makin kaɗai ya jawo takardar magani cikin minti biyu, kana da damar cewa, "Likita, don Allah mu bi amsoshin tare, akwai abin da nake son in bayyana." In kuma ya ce ba komai alhali kana nan yadda kake, koma bayan mako biyu, ko ka nemi ganin wani.

Mataki na 8: Maimaita ta, a nan ta fi amfani

Bayan an tabbatar da ciwon an fara magani, ko na sha ko na zaman tattaunawa da ƙwararre, takardar takan koma kamar ma'aunin zafin jiki. Yanzu ba da dubun mutane ake kwatanta ka ba, da kanka na watan jiya ake kwatanta ka, kuma a wannan aikin ta fi abin dogaro. Cike irin wadda ka fara da ita, kada ka sauya zuwa wata, duk bayan mako biyu zuwa huɗu, ka rubuta kwanan wata a kai. A PHQ-9 sauyin maki 5 ake ɗauka a matsayin sauyi na gaske, hawa da saukar maki ɗaya ko biyu kuwa iska ce. Raguwar rabi alama ce magani yana kamawa, sauka ƙasa da 5 shi ake kira lafawar ciwon. Magungunan damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, don haka maki 16 da ya koma 15 bayan kwana goma bai ce komai ba tukuna.

Nan ma bi layi-layi. Mai yiwuwa ka sauko daga 18 zuwa 13 don barci ya gyaru kuma ka fara cin abinci, amma tambaya ta ɗaya tana nan a kan 3, ta tara kuma ta tashi daga sifili zuwa 1. Jimilla ta ce an samu sauƙi. Zagaye layukan nan biyu da biro, ka kira asibiti a matso maka da ranar komawa.